Yadda Na Koma Shan Hantsi

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Shekara 3 da suka wuce muka tashi daga gidan gado a cikin birnin Kano, muka kama haya a bene, irin gidajen nan da ba su da tsakar gida: falo, ɗaki biyu, kicin, sai 'yar baranda mai kallon gabas da muke shanya a cikinta. Daga na sallami yara makaranta ina kan keke har la'asar. In fita ta kama, na zura hijabi har ƙasa, na sa safa, na faɗa adaidaita sahu. Ban taɓa kawowa a raina cewa mutum zai zauna a Kano, garin da rana ke gasa tafin ƙafa, kuma ya rasa rana ba.

Da ciwon ƙugu abin ya fara, ya gangaro cinyoyi. In na zauna a tabarma sai na dafa bango zan miƙe, hawa benenmu kuwa sai na huta a tsakiya. Na ce keke ne. Maƙwabta suka ce sanyi ne, na sha jiƙe-jiƙe, na sha maganin maleriya har sau biyu. Da maigida ya matsa muka je asibiti, likitar ta danna ƙwaurina na zabura, ta rubuta gwajin bitamin D. Gwajin da tsada, amma shi ya tona asiri: ta ce ana so adadin ya wuce 20, nawa bai kai ba. Sai ta dube ni ta ce, "Hajiya, yaushe rabon da rana ta taɓa fatarki? Ba mayafinki ba, fatarki." Na yi shiru, don ban da amsa.

Ta yi mini bayani cewa fata ce ke haɗa wannan bitamin idan wani ɓangare na hasken rana, wanda ake kira UVB, ya sauka a kanta. Shi kuma bitamin ɗin shi ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci ya kai wa ƙashi. Mu masu baƙar fata mun fi farare buƙatar daɗewa a rana kafin jiki ya haɗa abin da ya ishe shi. Ta ba ni ƙwayoyi na wasu makonni, ta ce in haɗa da shan rana.

Nan na shiga kurakurai. Da farko kekena kawai na ja kusa da taga, rana na dukana ta cikin gilashi, ina jin ɗumi ina murna. Sati biyu ina haka kafin na koma asibiti aka ce min gilashi na tare UVB, ɗumin kawai nake sha. Na koma baranda da ƙarfe 7 na safe, nan ma ashe rana ba ta ɗaga yadda wannan hasken zai iso da ƙarfi ba. Alamar da aka koya min mai sauƙi ce: ki dubi inuwarki, muddin ta fi ki tsawo sosai, fata ba ta samun abin kirki. Jin haka sai na zaƙe, na hau rufin bene da tsakar rana a watan Afrilu, na kusa awa guda. Ranar da ciwon kai da jiri na kwana, ɗinkin biki na mutane ya kwana a keke.

Yanzu na samu daidai. Maigida ya kewaye ƙarfen barandar da tabarma don sutura. Wajen ƙarfe 10 zuwa 11 nake fita, na naɗe hannun riga, na ɗage zani zuwa gwiwa, kaina a rufe, ga gorar ruwa a gefe. Minti 20 zuwa 30, ina sa maɓalli ko tsinke zare, aiki bai tsaya ba. Zaman ƙarfe 7 ɗin ma ban bar shi ba, domin ya ba ni abin da ban nema ba: barci. Da sai in kai ƙarfe 1 na dare ina juyi. Hasken safiya idan ya shiga ido yana saita agogon jiki, sai sinadarin barci ya sauko da wuri da daddare. Yanzu bayan isha'i kaɗan nake fara hamma.

Da ƙwayoyin da ranar, cikin wata 3 na daina dafa bango. Abinci ma na gyara, saboda rana kaɗai ba ta gina ƙashi. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna yawancin yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe kalsiyam suka rasa a abinci, duk da ranar da suke sha. Don haka kindirmo, miyar kuka, zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu ba sa yankewa a gidana. Wata kwastomata zabiya ce, da ta ji labarin ta ce za ta gwada, na hana ta sai ta ga likita, domin irin fatarta rana na iya jawo mata ciwon daji. Haka ma masu shafa man bilicin.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne Goggo, Allah Ya ji ƙanta. Kullum da hantsi, musamman da hunturu, tana jingine da katangar gidanmu na cikin gari, ƙafa a miƙe, tana ɓarar gyaɗa, tana kiran mu, "Ku fito ku sha hantsi, 'yan nan." Har ta tsufa da ƙafarta take zuwa unguwa. Ran Asabar da ta wuce autata ta ɗauko 'yar kujerarta ta zauna kusa da ni, ta naɗe hannun rigarta kamar yadda nake yi, ta miƙo min gwangwanin maɓallai.