Alamomi uku da suka sa na maimaita kwas

Jiya na miƙa kundin digirina, kuma da na biyo ta gaban ɗakin kwamfutocin sashenmu sai na tsaya ina kallon kujerar da ke kusa da taga. A kanta na faɗi kwas ɗin C, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, a aji ɗaya.

Lokacin da muka shigo akwai wani ɗan aji huɗu da ke yi mana bita da yamma. Ya iya aiki, ba zan hana shi wannan ba. Amma ranar da ya leƙo ya ga Notepad++, wata edita ta rubuta lambobin manhaja, a laftof ɗina sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ƙanena, in da wannan za ka riƙa rubutu, gara ka koma shagon buga takardu. Masu yi da gaske Vim suke amfani da shi." Aka yi dariya. Daren nan na sauke Vim, wata edita da ake sarrafawa da umarni daga maɓallai.

Sai dai ban koyi Vim ba, ado na yi masa. Na kwafo fayil ɗin .vimrc, wato na saitin Vim, na wani daga intanet, layi fiye da ɗari uku, ban fahimci ko goma ba. Launuka, jerin fayiloli a gefe, da wani layi da ya sa Ctrl+S ke ajiye aiki kamar a Word. Makonni shida ina wannan, abokaina kuma suna kan editar Geany suna fama da darussan C na madauki da fointa. Akwai vimtutor da ke zuwa tare da manhajar, darasin kamar rabin awa, ban taɓa buɗe shi ba, shi kuma mai bitar bai taɓa ambatarsa ba.

Ranar jarrabawar gwaji aka zaunar da mu gaban kwamfutocin makaranta, tsohuwar Linux ce a kansu. Ga nano, wani edita wanda ke rubuta umarninsa a ƙasan allo, amma na buɗe Vim don mai bitar yana cikin masu sa ido. Na yi kusan minti arba'in ina rubutu ban ajiye ko sau ɗaya ba. Da na gama na danna Ctrl+S, sai allo ya sandare. Babu .vimrc ɗina a nan, kuma a tsohuwar tamina, wato allon rubuta umarni, wannan maɓallin dakatar da allo yake yi, Ctrl+Q ke sake shi, ni kuwa ban sani ba. Na yi ta dannawa hannuna na rawa. Da malamin ɗakin ya zo ya sake allon, duk abin da na daddanna ya zube cikin aikina. Harafin u kaɗai zai warware ɓarnar. Maimakon haka na rubuta :q, umarnin fita, Vim ya gargaɗe ni cewa ban ajiye ba, ya ce in ƙara alamar motsin rai in har fita nake so. Na ƙara. Da wuta aka ɗauke ma, da vim -r ya dawo mini da aikin daga fayil ɗin wucin gadi, amma :q! har shi yake sharewa. Saura minti takwas.

Mai bitar yana tsaye a bayana. Cewa kawai ya yi, "Ai Vim ba na kowa ba ne," ya wuce. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

A hutun nan na zauna da vimtutor sau uku, na goge .vimrc ɗin aro na fara nawa da layi biyar. A nan na san cewa Bill Joy ya rubuta vi, editar da Vim ya samo asali daga gare ta, a 1976 a kan tamina wadda kibiyoyinta ke kan h, j, k da l, shi ya sa ake yawo da su. Bram Moolenaar ya fitar da Vim a 1991, kuma ya kula da shi har rasuwarsa a 2023.

Yanzu aikin yini a editar VS Code nake yinsa, ko da yake yana cin RAM, laftof mai 4GB na nishi da shi. Vim na ajiye wa kwamfutar saba (server), in na shiga ta daga nesa ta SSH. Ajiye aiki ya zama mini kamar numfashi, Git kuma, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki, na so a ce tun aji ɗaya na fara shi.

Bana ni na yi wa 'yan aji ɗaya bita. Wata ɗaliba ta tambaye ni, "Yaya, wace edita zan koya?" Na ce ta riƙe wadda ke kan laftof ɗinta har zango ya ƙare. Sannan na tara su duka a ɗakin jarrabawar, kowa ya buɗe fayil a kwamfutar makaranta, ya rubuta, ya ajiye, ya fita, sau goma, kafin mu taɓa darasin farko.