Abin da na koya daga masu jinyar tsofaffi

Ƙarshen watan nan zan bar sashen, kuma tunda abokan aiki sun yi ta tambayata dalili, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Duk wanda ya zauna a kilinik ɗinmu na Talata ya san tsarin. A shigo da Baba ko Inna mai gigin tsufa, likita ya duba, ya rubuta maganin donepezil, ya ce a dawo bayan wata uku. Mai rakiyar, wadda galibi matar ɗa ce ko ɗiyar da aure ya mutu ta dawo gida, tana tsaye bayan kujera riƙe da ledar zanin canji. Ba ta da kati, ba mai auna mata jini, ba mai tambayar yaushe rabonta da barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mata ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa wajen kula da masu wannan ciwo. Bencinmu kaɗai ya isa shaida.

Shi ya sa na fara tara su bayan an tashi kilinik, a rumfar baya, kan tabarma. Littafin iSupport na horar da masu jinyar gigin tsufa, wanda hukumar ta fitar a 2019, nake dubawa, in yi musu bayani da Hausa. Tsohuwar da ta ɗaure kaya ta ce za ta koma ɗakin mijinta da ya daɗe da rasuwa, kada a yi musu da ita, a ce, "To Inna, bari mu yi sallah tukuna." A kunna fitila tun kafin magariba, domin ruɗewar tana tsananta da faɗuwar rana. A ɗinka lambar waya a cikin riga, a mayar da sakatar ƙofa sama.

Amma abin da ya fi yi musu amfani daga bakin junansu ya fito. Wata rana wata baiwar Allah ta ce, "Sista, a gaban dangin mijina Hajiya ta ce ni na sace mata kuɗin adashi. Ni da nake wanke mata najasa safe da yamma." Ta goge ido da gefen hijabi, ta ƙara da cewa wani daren takan roƙi Allah ya ɗauki ran tsohuwar, sai ta tashi ta yi ta istigfari har asuba. Wata dattijuwa da ke jinyar mijinta ta kama hannunta ta ce, "'Yar nan, duk wadda kika gani a tabarmar nan ta taɓa yin wannan addu'ar." Tun daga ranar ba ta ƙara fashin zama ba.

Sai aka yi mana sabon shugaban sashe. Ya kira ni ofis, ko kujera bai nuna mini ba, ya ce zaman ba ya cikin jadawali, ba ya shiga rajista, hirar mata ce kawai. Na ce, "Ranka ya daɗe, bayan na tashi aiki nake yi." Mako na zagayowa na ga sunana a aikin dare duk Talata. Da 21 ga Satumba ta zo, ranar duniya ta tunawa da cutar Alzheimer, wadda ta fi haddasa gigin tsufa, shi ne ya tsaya gaban baƙi yana lissafa zaman cikin nasarorin sashe, da hotunan tabarmar da ya sa aka naɗe. Ina zaune a layin baya, har yau abin bai bar mini rai ba.

Bayan 'yan watanni aka kawo Hajiyar nan da shatin zane a idon sawu. Ɗaure ta ake yi da ƙafar gado. 'Ya'yanta maza suka nemi maganin da zai sa ta barci, aka rubuta musu haloperidol, alhali duk mun san irin waɗannan magunguna na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga masu gigin tsufa. Surukar ta rame, ta ƙi haɗa ido da ni. Ban ga laifinta ba, domin an bar ta ita kaɗai da aikin da ya fi ƙarfin mutum uku.

Sauran darussan gajeru ne. Tsohon da ya rikice farat ɗaya cikin kwana biyu, a duba fitsarinsa da zazzaɓi da taurin bayan gida kafin a ce ciwon ne ya ƙaru. "Sai haƙuri" ba ta sauke wa kowa nauyi. A kira 'ya'ya maza a raba kwanaki, a san wa zai karɓa ranar Juma'a. Jimla ɗaya daga limami a huɗuba, cewa ciwo ne ba maita ko aljanu ba, ta fi fastocin da muke mannawa a bango tasiri.

Matan suna ci gaba da haɗuwa a zauren gidan ɗaya daga cikinsu, kuma suna kirana. Ke da za ki gaje ni, littafin lambobinsu na cikin durowar ƙasa. Ki nemi izini a rubuce kafin ki shimfiɗa tabarma, ki kuma ajiye kwafin a jakarki.