Godiya bayan addu'ar arba'in ɗin Inna Modibbo

Assalamu alaikum. Jiya da la'asar muka naɗe tabarmi, baƙin ƙarshe suka kama hanyar Jega da Kalgo. Sai yau gidan ya yi shiru har na iya riƙe waya. Duk wanda ya kira bai same ni ba ya yi haƙuri, wallahi rabona da barcin kirki tun daren da muka ɗauke ta daga Gwandu zuwa asibiti a Birnin Kebbi.

Kun san yadda jinyar ta kasance, ba sai na maimaita ba. Dare guda ne ya ƙi barin zuciyata.

Kwana uku kenan ba ta magana, ga robar ƙarin ruwa a hannu. Matar da ta haura casa'in tana gyara wa mutane karatu, ta koma sai ido. Na tsorata ƙwarai, gani nake za ta tafi ba ta gane kowa ba. Wajen ƙarfe goma sai ga Gwaggo ta Kalgo, tsohuwar ɗalibarta, ta hawo mashin a cikin sanyin nan, ita ma da ƙyar take taka ƙafa. Ta zauna bakin gado, ta kama rera Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u a hankali, yadda Inna ta koya musu a tsakar gida. Tana cikin yi ta tsallake baiti ɗaya. Sai muka ga ɗan yatsan Inna ya ɗaga, ya buga katifa sau biyu, kamar yadda take buga tabarma idan an yi kure. Gwaggo ta ce, "Na ji, Modibbo," ta koma baya ta gyara. Yatsan ya kwanta. Ma'aikaciyar jinyar da ta shigo korar masu dubiya ta tsaya bakin ƙofa, ba ta ce komai ba, ta bar mu har aka kai ƙarshe. Ban san sunanki ba, 'yar'uwa, amma kina cikin addu'ata.

Gwaggo, na san ba ki son a ambace ki, ki yafe mini. Allah ya ba ki wanda zai zauna bakin gadonki ranar da kike bukata, ya cika ki da kalmar shahada, ya haɗa ki da malamarki a Aljanna Firdausi.

Jikoki da yawa ba su san ko wace ce kakarsu ba. Malamarta jaji ce, wato jagora cikin mata masu yawon karantarwa, masu riƙe da tsarin karantar da mata na 'Yan Taru da Nana Asma'u ta kafa kafin rasuwarta a 1864, har da malfa take fita karantarwa. Inna ba ta tsaya ga haddar waƙoƙin magabata ba, ta rubuta nata da ajami, da alƙalamin kara da tawadar da take dafawa da kanta. Akwai marsiyyar da ta yi a 1966 da aka kashe Sardauna, akwai ta farin 1973, wadda ta lissafa ƙauyukan da suka watse. Mafi yawa kuwa a kan alwala ne da haƙƙin maƙwabci, don matan da ba su samu zuwa makaranta ba.

Na gode wa Kawu na Jega da ya ɗauki nauyin magani bai bari kowa ya ji ba, da Liman da almajiransa da suka sauke Alƙur'ani, da matan unguwa da suka kwana daka gumba da suyar masa. Maƙwabcinmu mai mota ya kai mu cikin dare, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya jiƙan naku da suka riga mu.

Waɗanda ta goya a bayanta, suka aiko da gaisuwa ta waya daga Abuja da Kaduna, mun gani. Kwana arba'in dai ba kwana ɗaya ba ne. Allah ya sa uzuri ne ya tsare ku.

Gafakarta tana ɗakina. Gara ta ci gefen wasu takardun, shi ya sa daga ranar Alhamis tsofaffin ɗalibanta za su riƙa zuwa bayan azahar, su karanta ina kwafewa. Duk wadda ke da wata waƙar Inna a ka, ko baiti biyu ne, don Allah ta zo.