Jirgin ƙarƙashin teku da jan biron Oga

Jiya na miƙa makullin durowata, na ɗauki kofin shayina na fito. Shekara shida ina haɗa shirin al'amuran duniya a gidan rediyon nan, kuma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai ya san dawan garin, ba sai na ɓata bakina ba. Abu ɗaya ne har yau in na tuna sai na ji ɗaci a maƙogwaro.

A watan Yunin 2023 ne, lokacin da ɗan jirgin ƙarƙashin tekun nan Titan ya tarwatse da mutum biyar a hanyar zuwa kallon ɓaraguzan Titanic, katafaren jirgin ruwan da ya nutse tun da daɗewa. Ko'ina a Kaduna zancen ke nan, daga teburin mai shayi a Kawo har majalisar 'yan gwanjo a Kasuwar Barci. Bayan la'asar Oga ya leƙo ya ce, "Gobe ka kawo mana jirgin yaƙin ƙarƙashin teku da ya fi kowanne. Ɗaya nake so, ba lacca ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kwatance irin wannan yana son lokaci." Ko juyowa bai yi ba.

Na kwana a intanet, ido ya raina fata, na zaɓi Typhoon na Rasha. Tsawonsa mita 175, nauyinsa idan ya nutse tan 48,000, ba a taɓa ƙera wanda ya kai shi girma ba, har ɗan wurin ninkaya gare shi a ciki. Na rubuta cewa yana can yana sintiri. Oga ya karanta, ya sa hannu, ya ƙara da jan bironsa a saman takardar: "Sarkin teku".

Muna buɗe layi, wani dattijo ya kira daga Barnawa, ya ce tsohon sojan ruwa ne. Muryarsa a sanyaye.

"Ɗana, wa ya ba ka labarin nan? Na ƙarshe cikin jiragen Typhoon, Dmitriy Donskoy, tun farkon shekarar nan aka yi masa ritaya."

Na dubi injiniya ta bayan gilashi, ya sunkuyar da kai yana murza abin da ba ya bukatar murzawa. Na ce, "Baba, mun gode da gyara."

"Ban gama ba. Girma ba shi ne ba. A can ƙasa ba a gani, ji ake yi. Wanda aka fara jin motsinsa, shi ne gawa."

Washegari takardar tuhuma ta riga ni isa tebur. Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda Oga ya tsaya a taron safe ya ce bai taɓa ganin rubutun ba. Takardar mai jan biro kuwa ta yi ɓatan dabo daga fayil. Wata uku aka mayar da ni karanta cigiya da sanarwar ɗaurin aure.

A cikin watannin nan na nemi lambar dattijon, na je na durƙusa masa. A tsakar gida, kan tabarma, ya yi mini karatun da ya kamata in yi tun farko. Ya ce Tarayyar Sobiyet ta taɓa ƙera K-222 mai gudun fiye da kilomita 80 a awa, babu wanda ya kamo shi har yau, amma ƙararsa ta sa tun daga nesa ake jiyo shi. Gudun me ke nan? Sai ya kawo Gotland na Suwidin, ɗan ƙarami mai injin dizal da batir, wanda Amurka ta yi hayarsa a 2005 don atisaye. Ya lallaɓa ya wuce masu gadi, ya kai inda zai iya nutsar da katafaren jirgin dakon jiragen sama Ronald Reagan, ya sulale ba a ji shi ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na watan Fabrairun 2009: Vanguard na Birtaniya da Le Triomphant na Faransa, kowanne ɗauke da makaman nukiliya, suka yi karo a Tekun Atlantika don babu wanda ya ji zuwan ɗan'uwansa.

Na ce, "To Baba, wanne ya fi?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, fi a wane aiki? Mai injin nukiliya yana yin watanni a ƙasa, abinci ne kawai ke fito da shi, amma kuɗinsa sai manyan ƙasashe. Samfurin Seawolf mai injin nukiliya ma guda uku kacal Amurka ta iya yi ta haƙura. Mai dizal kuwa a kusa da gaɓa yake cin kasuwarsa. Sannan akwai mutanen ciki. A yaƙin Falkland na 1982, da tsohon samfurin makami irin na Yaƙin Duniya na Biyu jirgin ƙarƙashin teku Conqueror na Birtaniya ya nutsar da jirgin yaƙin Ajantina General Belgrano, mutum 323 suka mutu. Kwamandan yana da sabon samfuri, ya zaɓi wanda ya yarda da shi. Mu nan ko ɗaya ba mu da shi, a Afirka sai irin su Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu.

Sauran darussan ba su da yawa. Duba ranar da aka wallafa abu kafin ka kwafa. In an ce "ɗaya nake so", ka ce babu, ko da za a ɓata rai. Kada ka raina mai kiran waya, musamman a garin da tsofaffin sojoji suka fi bishiyar dalbejiya yawa.

Da na dawo shirin, na sake yin maudu'in da dattijon a sutudiyo, minti arba'in ba a katse mu ba. Oga ya ce a taro shi ya ba da shawarar gayyato shi. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Tun ranar da Oga ya sa hannu na ɗauki hoton takardar nan don in yi bita a gida. Yana nan cikin wayata, da sa hannun da jan biron da komai. Ban nuna wa kowa ba, ban kuma goge ba.