Vallisneria a bayan akwatin kifi: a auna zurfin ruwa kafin a dasa

Mai son ya rufe bayan akwatin kifinsa na gilashi da kore, ya ɓoye bututun iska da wayoyi, da wuya ya samu abin da ya fi Vallisneria sauƙi. Ciyawar ruwa ce mai dogon ganye siriri, ba ta da kara, duk ganyenta daga gindi ɗaya yake fitowa. Inda ake samun matsala shi ne wajen saye. Dashen da za a miƙo maka a leda, ko daga Kano ya taso ko daga Yamai, bai fi santimita 15 zuwa 20 ba, kuma kowane iri kusan haka yake a wannan lokacin. Bayan wata uku ne kowanne zai nuna halinsa.

Iri huɗu aka fi gani. Vallisneria spiralis ganyenta bai wuce faɗin santimita 1 ba, tsawonsa a akwati yakan kai 40 zuwa 60. Vallisneria americana, wadda masu sayarwa ke kira gigantea, faɗin ganyenta santimita 2 zuwa 3 ne, tsawon kuwa ya wuce mita guda, in ta ji daɗi ta doshi biyu. Akwai nana ta ƙasar Ostireliya mai ganye siriri ƙwarai, wadda sunanta, mai ma'anar wada, ke sa a ɗauka gajera ce alhali a akwati tana iya haura santimita 50. Sai mai murɗaɗɗen ganye da ake kira tortifolia, ita ce ƙaramarsu, tana tsayawa wajen 20 zuwa 25. Sunan da ke bakin mai sayarwa ba abin dogaro ba ne, don sau da yawa shi ma haka aka faɗa masa. Dubi faɗin ganyen da ya fi tsufa a jikin dashen: in ya kai faɗin babban yatsa, gigantea ce, ko da yau taƙi ɗaya ce tsawonta.

Yanzu sai lissafi. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 36 yana cin ruwa wajen lita 65. Cire santimita 5 na yashi, cire 3 da ake bari a sama, zurfin ruwan da ya rage 28 ne. Ganyen spiralis mai santimita 55 zai kai sama, ya lanƙwashe, rabinsa ya kwanta a kan ruwa. In tushe biyar ne ko shida, wannan kwanciyar tana da kyau, ƙananan kifi masu tsoro ma suna son inuwarta. In sun zama talatin, sun yi wa akwatin rufi. Gigantea kuwa ko a akwati mai santimita 120 da tsayi 50, fiye da rabin ganyenta a saman ruwa zai ƙare. A ganina ba ta da wurin zama a akwatin da zurfin ruwansa bai kai 50 ba, duk kyan da take da shi a hoto.

Saurin girmanta hawa biyu ne, kuma na farkon ne ke sa mutane su karaya. Sati biyu zuwa uku bayan dasawa ba za ka ga ta motsa ba, wasu tsofaffin ganyen ma su yi laushi su narke. Saiwa take kafawa. Muddin gindin yana nan fari da ƙarfi, a tsinke ruɓaɓɓen ganyen a ƙyale ta. Wanda ya tuge ta don ya duba, ko ya sauya mata wuri, ya mayar da ita ranar farko. Da ta kama, sabon ganye na ƙara santimita da dama a sati, sannan cikin wata na biyu ta soma tura yaɗo a kan yashi ko ɗan ƙarƙashinsa, irin yadda ciyawar ƙiri-ƙiri ke cin fili. Kowane yaɗo ya yi ƴan santimita sai ya kafa sabon tushe, shi ma sabon ya tura nasa. Tushe shida da aka jera da tazarar santimita 5 zuwa 8 sun isa su cika bayan akwatin santimita 60 cikin wata uku zuwa huɗu. Sayen ashirin ɓarnar kuɗi ce.

Ganyen daga gindi yake tsawo, ba daga baki ba. Mai son sanin saurin tasa zai iya huda ƙaramin ganye da allura kusa da yashi, ya sa alama a jikin gilashi daidai wurin, ya sake dubawa bayan kwana bakwai. Hujin zai hau sama, tazarar da ya yi ita ce girman sati. Wannan ne ma ya sa aski da almakashi ba ya magance tsawo: ƙaramin ganye zai ci gaba da turowa daga ƙasa, bakin da aka yanke kuma ya yi ruwan ƙasa ya soma ruɓewa, gansakuka ta samu wurin kamawa. Gara a bi ganyen da ya fi tsawo har gindi a cire shi ɗungurungum, biyu ko uku a kowane tushe, kada a wuce kashi ɗaya cikin uku a rana guda.

Wajen dasawa kuskure ɗaya ne ya fi kashe ta: binne wuya. Farin wurin nan da ganye ya haɗu da saiwa dole ya kasance a saman yashi. A tura dashen ciki, sannan a ɗan ja shi sama har wuyan ya bayyana. Yashin gulbi ya wadatar, amma a tankaɗe a ɗauki mai tsakuwa-tsakuwa, ƙwayar milimita 2 zuwa 3, a wanke har ruwan ya fito garau, a zuba kaurin santimita 5 zuwa 6. Lallausan rairayi yana danƙarewa ya hana iska shiga, saiwa ta yi baƙi. Tunda ta saiwa take cin mafi yawan abincinta, ƙwayar takin akwati guda a ƙarƙashin yashi, kowane taƙi ɗaya, duk wata uku, ta isa. Takin gona na buhu ko kashin dabba kada ya kusanci akwatin. Amoniya zai saki, kifi su mutu kafin ciyawar ta amfana. In sabon ganye na fitowa fari-fari, sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci. In tsofaffi ne ke yin rawaya daga baki alhali sababbi na nan kore, abincin ne gaba ɗaya bai isa ba.

Ruwa mai ɗan nauyi take so, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin butar shayi, domin tana iya zaro kabon daga bikabonet ɗin da ke cikinsa. Shi ya sa take girma ba tare da tulun iskar kabon ba, shi ne kuma dalilin farin garin da wani lokaci ke kwanciya a kan ganyenta. Ruwan sama zalla ba ya yi mata. Ruwan famfo a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin a zuba. Ruwan kabon na kwalba da ake sayarwa don ciyayin akwati, mai sinadarin gulutaraldehaid, narkar da ita yake yi, haka ma maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki. Kifi mara lafiya a fitar da shi a yi masa magani a wani mazubi.

A Maradi, yanayin gari shi ke juya saurin girmanta. Tsakanin digiri 22 da 28 ta fi sakewa. Da hunturu, Disamba da Janairu, ruwan ɗakin da ba a rufewa yana iya sauka ƙasa da 20 da asuba, girma ya ja baya. Ba yunwa ba ce, ƙara taki a lokacin gansakuka kawai zai ciyar. Bazara ce abin tsoro. A Afirilu da Mayu, da zafin waje ke haura 40, ruwan akwati yana wuce 30. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin wajen miligiram 9 a lita, mai digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi. Da dare ciyawar ba ta ba da iska, sha take yi tare da kifin. To a haɗa: ganye ya rufe saman ruwa, an ɗauke wuta, injin iska ya tsaya. Da asuba sai a tarar da kifi sun taru a sama suna haki. Don haka tun Maris a rage ganyen da ke kwance har aƙalla kashi biyu cikin uku na saman ruwa ya zama a buɗe, a ɗage murfi, a sa ƙaramar fanka ta riƙa busa saman ruwan, tana sauke digiri biyu ko uku. Ƙaramin injin iska mai batir ya fi kowane ado amfani a wannan lokacin. Ruwan da ya ƙafe a cika shi, amma ciko ba ya maye gurbin canji, don gishirin ruwan yana nan yana taruwa. A kwashe kashi ɗaya cikin huɗu duk sati. Fitila awa bakwai zuwa takwas ta isa, kuma kada hasken taga ya faɗa kan gilashin.

Yaɗon ba ya sanin inda baya ya ƙare. A yanko zirin roba daga tsohuwar jarka, tsayin santimita 7, a kafa shi cikin yashi daga gefe zuwa gefe, bakinsa ya ɗan leƙo. Wanda ya tsallake a datse shi. Ɗan tushen da ake son dasawa wani wuri a bari ya yi ganye uku ko huɗu da saiwarsa kafin a raba shi da uwar. Abin da ya yi yawa a shanya a rana ya bushe, kada a zuba a gulbi ko tafkin Madarunfa. Wanda kuma karfasa ko tarwaɗa yake kiwo a akwatin, kada ya wahalar da kansa: ta farko cinye ganyen za ta yi, ta biyu ta tone saiwar.