Wasiƙa daga Ingila zuwa ga mutanen Katsina kan karatu daga nesa

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana mutanen Katsina. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, wata magana ce da yayata ta faɗa mini a waya ta tsaya mini a rai. Malamar firamare ce mai takardar shaidar malanta ta NCE, shekara 18 tana riƙe da alli, kuma bara ta yi rajista a cibiyar Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wato NOUN, da ke Katsina. Amma duk ranar jarrabawa sai ta ce wa maƙwabta za ta unguwa, domin ta gaji da jin ana cewa, "Wace irin jami'a ce babu aji?" ko kuwa, "Da jika za a koma makaranta?"

A garin Milton Keynes, kusa da inda nake zaune, akwai irin wannan jami'a tun 1969, kuma a asibitin da nake aiki akwai waɗanda a can suka yi digiri suna aikin dare, ban taɓa jin an raina musu takarda ba. Tamu ma ba baƙuwa ba ce. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ce ke tantance kwasa-kwasanta kamar sauran jami'o'i, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a ce a Katsina ake wannan ba'a, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, inda dattijo mai furfura yake durƙusawa gaban malaminsa a zaure bayan sallar Asuba, ya ɗauki darasi, ya tafi kasuwa, ya yi bita shi kaɗai da dare. Mu ne muke cewa gemu ba ya hana ilimi, to me ya sa aure da haihuwa za su hana?

Matsaloli akwai su, ban musa ba: rashin wuta, tsadar data da raunin intanet. Yayata a wayarta take karanta darussa bayan sallar Isha'i, sau da yawa sai ƙaramin ɗanta ya karɓo wayar daga wurin mai caji. Ina roƙon magidanta musamman, duk wanda matarsa ta ɗauko wannan karatu ya kama mata, ya kai ta cibiyar da kansa ranar jarrabawa, kowa yana gani.

Wassalam, ɗanku daga Ingila.