Abin da Taron Urushalima Ya Koya Mini Game da Raba Gardama

Duk wanda ya karanta sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni a Littafi Mai Tsarki a natse zai ga cewa tambaya biyu aka kawo Urushalima a ƙunshi ɗaya. Ta farko: shin wanda ba Bayahude ba zai sami ceto ba tare da kaciya ba? Ta biyu ta zaman yau da kullum ce: ta yaya Bayahude mai bin Yesu da Bahelene (mutumin Girka) mai bin Yesu za su sa hannu a kwano ɗaya? A ganina hikimar taron tana nan, da aka ware tambayoyin nan, kowace aka ba ta amsarta.

Rigimar ta tashi a Antakiya ta Suriya wajen shekara ta 48 ko 49 bayan haihuwar Almasihu, lokacin da wasu suka zo daga Yahudiya suna koyar da cewa in ba kaciya, ba ceto. A ƙasar Hausa kowane yaro ana yi masa kaciya, shi ya sa da wuya mu ji nauyin maganar. Ga baligin Bahelene abin kunya ce da azaba, kuma tana ɗora masa dukan Shari'ar Musa: Asabar, dokokin abinci, dokokin tsarki. Ga Bayahude kuwa alamar alkawari ce tun daga Ibrahim, kuma a zamanin sarki Antiyokas na huɗu, wajen shekara ta 167 kafin Almasihu, an kashe iyaye mata don sun yi wa 'ya'yansu kaciya. Saboda haka Farisiyawa (ƙungiyar Yahudawa masu tsananin kiyaye Shari'a) da suka ba da gaskiya ga Yesu suka kuma dage a kanta suna kāre abin da kakanninsu suka mutu a kai ne. Wanda ya ɗauke su 'yan neman fitina bai fahimci surar ba.

Ikkilisiyar Antakiya ba ta yanke hukunci ita kaɗai ba. Ta tashi Bulus da Barnaba da waɗansu, suka bi ta Finikiya da Samariya, tafiyar kusan kilomita 500, zuwa wurin manzanni da dattawa. A zaman, an bar masu cewa a yi kaciya suka faɗi tasu, aka yi muhawara mai tsawo. Sannan Bitrus ya kawo shaida: gidan Karniliyus, wani jarumin sojan Roma, a Kaisariya, inda Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa marasa kaciya, ga kuma 'yan'uwa shida da suka raka shi suka gani da idonsu. Barnaba da Bulus suka ba da labarin aikinsu cikin al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Daga ƙarshe Yakubu ɗan'uwan Ubangiji Yesu ya auna shaidun nan da Nassi, ya jawo annabcin Amos. Ba ƙaramin abu ba ne da hukuncin ya fito daga bakinsa, domin shi ne wanda masu riƙe da Shari'a suka fi amincewa da shi. Da Bulus ne ya faɗa, da sai a ce ai dama ra'ayinsa ke nan.

A kan ceto ba a raba biyu ba: ba kaciya, alherin Ubangiji Yesu ya isa. A kan zaman tare aka roƙi al'ummai su guji abu huɗu: abin da aka yanka wa gumaka, jini, naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Masana da yawa suna danganta su da sura ta 17 da 18 ta Littafin Firistoci, dokokin baƙon da ke zaune cikin Isra'ila. Uku daga ciki sun shafi abinci kai tsaye, wato abin da zai hana Bayahude zama a tabarmar ɗan'uwansa.

Aka rubuta wasiƙa zuwa Antakiya da Suriya da Kilikiya, a ciki aka faɗa a fili cewa waɗanda suka tā da hankalin jama'a ba da umarnin Urushalima suka je ba. Ba a bar takardar a hannun Bulus da Barnaba kawai ba, tun da su ɓangare ne a rigimar. Aka haɗa su da Yahuza Barsaba da Sila, manya daga Urushalima, su tabbatar da ita da baki.

Duk da haka akwai giɓi. Wasiƙar ta gaya wa al'ummai abin da za su yi, ba ta fayyace wa Bayahude mai bi iyakar tasa ba. Wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa sura ta 2 ta nuna inda irin wannan giɓi yake cizo: Bitrus yana cin abinci da al'ummai a Antakiya, da mutanen Yakubu suka iso sai ya janye don tsoro, har Barnaba ya bi shi. Bai canza koyarwarsa ba, wurin zamansa ya canza, Bulus kuwa ya ga wannan ya isa ya rushe koyarwar, ya tsauta masa a gaban kowa.

Bulus ɗin nan bai yarda a tilasta wa Titus, Bahelene, kaciya ba, domin an mai da ita sharaɗin ceto. Amma a Listira shi da kansa ya yi wa Timoti kaciya, wanda uwarsa Bayahudiya ce ubansa Bahelene, saboda Yahudawan yankin duk sun san ubansa, kuma ba tare da ita ba da wuya su saurare shi a majami'unsu.